SHARHI: Cinikin ƙananan karnuka a biranen Najeriya da alhakin da ke kan mai kiwo da mai saye

A 'yan shekarun nan wani irin ciniki ya samu gindin zama a manyan biranen Najeriya. A Legas, Abuja, Fatakwal, Jos da Kaduna, ba abin mamaki ba ne mutum ya ga matashi a bakin titi riƙe da ɗan kwikwiyo fari sol mai yalwar gashi yana ɗaga shi ga masu motoci idan an samu cunkoso. A shafukan Instagram da Facebook, da zaurukan WhatsApp, da kasuwar intanet ta Jiji kuwa, tallar ba ta yankewa. Irin karnukan da aka fi tallatawa su ne ƙanana: Lhasa Apso, Pomeranian, Chihuahua, Shih Tzu, Maltese, Pug da wanda 'yan kasuwa ke kira Eskimo. Kuɗin wasu daga cikinsu kan kai ɗaruruwan dubban naira.

Dalilan da suka sa kasuwar ta buɗe ba ɓoyayyu ba ne. Mazauna birni da dama na zaune a gidajen haya marasa fili, inda babban kare ba zai samu wurin sakewa ba. Ƙaramin kare bai kai babba ci ba, a lokacin da abinci ya yi tsada. Wasu irin, kamar Lhasa Apso wanda asalinsa daga Tibet ne inda aka daɗe ana ajiye shi domin ya ankarar da masu gida zuwan baƙo, suna da saurin haushi, saboda haka akwai masu sayensu domin tsaro.

A ƙasar Hausa kare ba baƙo ba ne. Mafarauta, makiyaya da masu gadi sun daɗe da shi, kuma malamai sun yi bayani a kan halin da ya halatta a ajiye shi da hukuncin cinikinsa. Mai tambaya a wannan fanni malaminsa zai nufa. Abin da wannan sharhi ya sa gaba shi ne lafiya da dukiya: lafiyar dabbar, lafiyar mutanen gidan da maƙwabtansu, da kuɗin da mai saye ke fitarwa. A duk waɗannan, likitocin dabbobi na nuni da cewa mafi yawan abin da zai faru da kwikwiyo an riga an shuka shi a gidan da aka haife shi, tun kafin mai saye ya ɗora ido a kansa.

Abin da ya shafi wanda ba ya kiwon kare

Mai karatu da bai taɓa tunanin ajiye kare ba zai iya cewa wannan ba matsalarsa ba ce. Cutar haukan kare ta sa ta zama matsalar kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kare ne ke yaɗa ta ga mutum a kusan kashi 99 cikin 100 na lokutan da aka kamu. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira.

Ƙanƙantar kare ba ta hana shi ɗaukar cutar. Ɗan kwikwiyon da aka ɗauko daga inda ba a sani ba, wanda ba a yi wa uwarsa rigakafi ba, shi ne wanda yara za su rungume, ya lashi hannunsu, ya ɗan yaƙushe su a wasa, ba wanda zai kula domin raunin bai taka kara ya karya ba. Najeriya na cikin ƙasashen da suka rungumi burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga haukan kare nan da shekarar 2030, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta faro tun 1924, tana samar da allurar rigakafin karnuka. Sai dai duk kwikwiyon da ya sauya hannu ba tare da tarihi ba giɓi ne a wannan yunƙuri.

Yadda harkar take a bayan fage

Ana iya kasa masu sayarwa gida uku. Akwai mai kiwo na haƙiƙa, wanda ke da 'yan karnuka ƙalilan, ya san iyayensu da kakanninsu, yana da likitan dabbobi da ke duba su. Akwai mai tara karnuka a kejina masu yawa domin hayayyafa kawai, wanda lissafinsa shi ne yawan 'ya'yan da za a fitar a shekara. Sai kuma dillali, wanda ke saye daga na biyun ya kai bakin titi ko intanet, galibi bai taɓa ganin uwar ba.

Lissafin kasuwar shi ne tushen matsalar. Karya kan ɗauki ciki na kimanin kwana 63, kuma takan nemi barbara kusan sau biyu a shekara. Ƙananan iri ba su haihuwa da yawa. Chihuahua ko Pomeranian kan haifi ɗaya zuwa huɗu a ciki guda. Wanda riba ce kaɗai a gabansa zai rufe wannan giɓi ta hanyoyi sanannu: a yi wa karya barbara tun ba ta gama girma ba, a maimaita duk lokacin da ta nema ba hutu, a yaye 'ya'yan da wuri domin a rage ciyarwa, a tsallake rigakafi, a kuma haɗa uba da 'ya ko wa da ƙanwa saboda namijin da aka sayo da tsada guda ɗaya ne.

Domin a ga inda ma'auni yake, ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya ba ta rajistar 'ya'yan karyar da ta riga ta haihu sau 4, ko wadda aka yi wa barbara tana ƙasa da shekara 1, ko wadda aka riga aka yi wa tiyatar haihuwa sau 2. Haka nan ba ta karɓar 'ya'yan da aka samu tsakanin uba da 'ya, uwa da ɗa, ko 'yan ciki ɗaya. Waɗannan ƙa'idoji ba su da ƙarfin doka a Najeriya, amma mai saye na iya mayar da su tambayoyin da zai yi wa duk wanda ya kira kansa mai kiwo.

Larurorin da suka keɓanci ƙananan iri

Ƙananan karnuka na da cututtukan gado da aka san su da su. Gocewar ƙoƙon gwiwa ta yawaita a Pomeranian, Chihuahua da Maltese. Karen kan riƙa ɗage ƙafar baya yana tafiya, kuma idan ta yi tsanani sai da tiyata. Akwai raunin bututun numfashi da ke sa tari mai ƙara, akwai taruwar ruwa a kai da ake gani a masu zagayayyen ƙoƙon kai, akwai kuma matsalar jijiyar hanta da ke hana ɗan kwikwiyo girma. Duk waɗannan suna bin jini, kuma haɗa 'yan gida ɗaya na ƙara yiwuwar fitowarsu.

Masu gajeren hanci, irin su Pug, Shih Tzu da buldog na Faransa, suna da nasu nauyin. Kare ba ya gumi kamar mutum. Da haki yake sanyaya jikinsa. Wanda aka haifa da matsattsun ƙofofin hanci da cunkushewar maƙogwaro ba ya iya yin haki yadda ya kamata. A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Kano, inda zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas tsakanin Maris da Mayu, ga kuma ɗaukewar wutar lantarki, irin wannan kare na iya mutuwa a yini guda. Mai kiwon da ya san aikinsa zai faɗa wa mai saye wannan gaskiya ko da za ta hana ciniki.

Akwai kuma tallar da ake yi wa 'yan mitsi-mitsin karnuka da sunan wai na cikin kofin shayi ne. Babu wata babbar ƙungiyar rajista da ta san wani iri mai wannan suna. Sau da yawa ko dai ɗan da ya fi rauni ne a cikin 'yan'uwansa, ko kuma wanda bai wuce mako 4 ko 5 ba aka ƙara masa kwanaki a baki. Irin waɗannan sukarin jininsu kan faɗi cikin 'yan sa'o'i idan ba su ci ba, su kama rawar jiki, su suma. Likitan dabbobi na iya kintatar shekarun kwikwiyo daga haƙoransa, domin haƙoran nono kan fara fitowa wajen mako 3, su cika 28 wajen mako 6 zuwa 8.

Abin da ya kamata mai saye ya gani da idonsa

Hausawa na cewa ba a cinikin biri a sama. Sharaɗin farko shi ne mai saye ya je inda aka haifi kwikwiyon, ya gan shi tare da uwarsa da 'yan'uwansa. Daga uwar ake karanta komai: ƙibarta ko ramarta, tsabtar fatarta, ko akwai kaska da ƙuma, ko tana sakin jiki da mutane ko kuwa tana maƙurewa a lungu. Ya kamata a ga alamar cewa ita ce ta shayar, kuma 'ya'yan sun saba da ita, domin akan ajiye wata karya mai kyan gani a nuna wa baƙi. Mai sayarwar da ya ce a haɗu a tashar mota ko gidan mai, ko ya ce uwar ta tafi wani gari, ya riga ya ba da amsa.

Na biyu shi ne kwanaki. Bai kamata a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8 ba, kuma ga 'yan ƙanana sosai masu kiwo da dama kan jira har mako 10 zuwa 12. Daga dakashin uwa yake samun garkuwar farko, kuma a cikin wasa da 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo. Tsakanin mako 3 zuwa 12 ne ɗabi'arsa ke ginuwa. Wanda ya shafe wannan lokaci a keji, bai ji motsin gida ba, ba a saba ɗaukarsa ba, yakan tashi da tsoro, kuma kare mai tsoro shi ne mai saurin cizo.

Na uku shi ne katin rigakafi. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bi ita ce a fara allurar da ke kare cutar fabo, distemfa da ciwon hanta daga mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 2 zuwa 4 har kwikwiyon ya kai mako 16, sannan a yi ta haukan kare daga wata 3. Maganin tsutsar ciki kuwa tun daga mako 2 ake fara shi. Katin gaskiya na ɗauke da kwanan wata, da tambarin kwalbar allurar mai lambar kamfani, da suna da sa hannun likita. Mai saye na da damar kiran likitan ya tabbatar, kuma Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya ce ke riƙe da rajistar waɗanda aka yarje wa aiki. Wannan na da muhimmanci domin allurar na buƙatar ajiya a sanyin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta kwana a aljihu ko a firij marar wuta sunanta kawai allura.

Cutar fabo ce ta fi jefa sababbin masu kare cikin baƙin ciki. Takan ɗauki kwana 3 zuwa 7, wani lokaci fiye, kafin ta bayyana, saboda haka kwikwiyon na iya kasancewa garau ranar ciniki, bayan 'yan kwanaki ya kama amai da gudawa mai jini. Idan ba a kai shi asibiti ba, mafi yawa ba sa tashi. Ƙwayar cutar kuma na iya zama a ƙasa da daɓen gida tsawon watanni, ta kama duk kwikwiyon da aka sake kawowa.

Na huɗu shi ne halin mai kiwon kansa. Na kirki yakan yi wa mai saye tambayoyi: wane irin gida, akwai ƙananan yara, wa zai zauna da karen da rana, mai gidan haya ya yarda? Yakan nuna takardun lafiyar iyayen, ya faɗi larurar da aka san irin da ita, ya ba da abincin da kwikwiyon ya saba da shi na 'yan kwanaki. Ba ya riƙe iri biyar ko shida a lokaci guda, kuma ba kullum yake da na sayarwa ba. Ya kan yarda a rubuta yarjejeniya cewa likitan da mai saye ya zaɓa zai duba kwikwiyon cikin kwana 2 ko 3, idan an samu babbar larura a mayar da shi a mayar da kuɗi. Asibitocin dabbobi na jihohi, da na koyarwa a jami'o'in Zariya, Sakkwato, Maiduguri, Ibadan da Nsukka, wurare ne da za a iya yin wannan gwaji, kuma likitocinsu sun fi kowa sanin gidajen da 'ya'yansu ke yawan zuwa da ciwo.

Damfara da batun na waje

Wani ɓangare na tallar intanet babu ma kare a bayansa. Akan ɗauko hoto daga shafin wani mai kiwo a wata ƙasa, a sa farashi mai rahusa, a nemi kafin alƙalami, sannan kuɗin mota, sannan kuɗin keji, daga nan waya ta daina shiga. Wannan zamba ce da doka ta tanadar wa hukunci, kuma ana iya kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, sai dai dawo da kuɗin abu ne mai wuya. Kada a tura ko sisi kafin a ga kwikwiyon da uwarsa. Idan nisa ya hana, a nemi kiran bidiyo kai tsaye, a kuma aika amintaccen mutum ko likita ya je.

Kalmar “na waje” ita ma ta zama abin ƙara farashi. Karen da aka shigo da shi bisa ƙa'ida yana da izinin shigowa daga hukumomin lafiyar dabbobi na tarayya, da takardar lafiya daga ƙasar da ya fito, da shaidar rigakafin haukan kare, kuma jami'an Hukumar Killace Kayan Gona ta Najeriya, NAQS, kan duba shi a filin jirgi ko kan iyaka. Wanda ya ce ɗan mako 7 ne aka shigo da shi da cikakken rigakafin haukan kare, lissafinsa bai tashi ba. Matsalar takardun bogi ba ta tsaya a nan ba: a watan Yulin 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe fiye da 100, har da Najeriya, saboda yawaitar shaidun rigakafi na jabu. Daga 1 ga Agustan 2024 kuma ta wajabta cewa duk karen da zai shiga ƙasar sai ya kai wata 6, yana ɗauke da 'yar na'urar shaida da ake dasawa a ƙarƙashin fata.

Matakan da wasu ƙasashe suka ɗauka

Ƙasashen da suka daɗe da wannan kasuwa sun gano cewa dillali shi ne labulen da mugun kiwo ke ɓuya a bayansa. A Ingila, dokar da aka fi sani da Dokar Lucy ta fara aiki a watan Afrilun 2020, inda ta haramta wa wanda ba shi ya yi kiwon ba sayar da kwikwiyo ɗan ƙasa da wata 6. An sa mata sunan wata karya ce da aka ceto daga gidan hayayyafa bayan ta sha wuya. Faransa ta hana sayar da karnuka da kyanwoyi a kantunan dabbobi daga Janairun 2024, jihar Niyok ta Amurka ta bi sahu a Disambar wannan shekarar. A ƙasar Nowe kuwa, kotun ƙoli ta yanke hukunci a 2023 cewa ci gaba da hayayyafar wani ƙaramin iri mai suna Cavalier King Charles ya saɓa wa dokar jin ƙan dabbobi saboda yawan cututtukan gado da ke tattare da shi.

A Najeriya akwai dokokin da suka taɓo gefen al'amarin. Dokar Shawo Kan Cututtukan Dabbobi ta 2022 ta shafi zirga-zirga da shige da ficen dabbobi. Dokokin laifuka na Kudu da na Arewa sun haramta azabtar da dabba. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, na da hurumi a kan yaudara a ciniki. Amma a aikace duk mai keji da waya na iya kiran kansa mai kiwo, ba wanda zai tambaye shi. Ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024 dama ce ta duba wannan fanni tare da gwamnatocin jihohi da ƙungiyar likitocin dabbobi. Matakan da ake buƙata ba masu tsada ba ne: rajistar masu kiwon kasuwanci a ofisoshin dabbobi na jihohi, hana sayar da ɗan ƙasa da mako 8, katin rigakafi na bai-ɗaya mai lambar rajistar likita, hana talla a bakin titi, da wajabta wa kasuwannin intanet su tantance masu sa tallar dabbobi.

Nauyin da ya rage a kan mai saye

Kafin a kai ga nan, ƙarfin gyara na hannun mai fitar da kuɗi. Mutane da dama kan sayi kwikwiyon da suka gani a galabaice a bakin titi saboda tausayi. Niyyar mai kyau ce, amma kuɗin da aka biya shi ke sa a sake yi wa uwar barbara, gobe a kawo wani.

Ya kamata kuma mai saye ya yi lissafi mai nisa. Ƙananan karnuka kan rayu shekara 12 zuwa 15, wasu fiye. A tsawon wannan lokaci akwai abinci, sabunta rigakafi, maganin kaska, aski da taje gashi ga masu dogon gashi, da kula da haƙora, waɗanda ke saurin lalacewa a ƙananan iri. Kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin, kuma araha ba ta ado: abin da aka rage a ranar ciniki sau da yawa a asibiti ake biyansa ninki. Wanda buƙatarsa gadi ce kawai, karen gida da ya saba da zafi da yanayin ƙasar nan, idan an yi masa rigakafi, zai iya biya masa buƙata da ƙaramin kuɗi.

Ko daga ina kare ya fito, idan ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi, shawarar WHO ita ce a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar domin allurar kariya, ba tare da jiran ganin alama ba. A kuma killace karen a sa masa ido na kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. A irin wannan rana ce iyali ke sanin darajar katin rigakafi na gaskiya da lambar wayar mai kiwon da zai ɗaga ya ba da tarihin uwar.